Aron Fuska a Jiyyar Rukuni: Nazari daga Masana'antun Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya saurari hirar ma'aikatan masana'antun Bompai ko Sharaɗa ko Calawa a lokacin da suka fito cin abinci, zai lura da irin sunayen da suke kiran shugabanninsu da su. A takarda mutumin nan manaja ne ko darakta, amma a baki shi ne "maigida", ko "Baba", ko "ubangidanmu". Shi kuma in ya tashi magana a kansu sai ya ce "yarana", ko da kuwa akwai mai furfura a cikinsu. Waɗannan kalmomi ba a masana'anta aka haife su ba. Daga gida aka ɗauko su, kuma sun taho da kayansu, watau abin da ɗa yake sa rai daga wajen uba, da kwarjinin da uban yake yi masa, da irin zafin da yake ji in uban ya juya masa baya.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan ɗabi'a ta ɗauko tsohuwar dangantaka a ɗora wa sabon mutum, har ma wasunsu suka mai da ita babban makamin jiyyar masu damuwar zuciya. A wannan maƙala za a bayyana ma'anar ɗabi'ar, da matsayinta a jiyyar da ake yi wa mutane a rukuni, sa'an nan a auna ta da rayuwar ma'aikacin masana'anta a Kano. Abin da ake so a nuna shi ne, a ƙasar Hausa gano ɗabi'ar ba shi da wuya, domin harshe da kansa yana tona ta. Wuyar aikin ita ce rarrabe ta da abubuwa biyu da suka yi kama da ita, watau ladabi da kuma neman hakki.

Asalin Kalmar

Wanda ya fara yi wa abin suna shi ne Sigmund Freud, likitan nan na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya. Ya ambace shi tun a littafin da suka wallafa da Josef Breuer a 1895, amma bai gane nauyinsa sosai ba sai da wata budurwa da ya sakaya sunanta da Dora ta katse jiyyarta a ƙarshen 1900, bayan mako goma sha ɗaya kacal. Da ya wallafa labarinta a 1905, ya bayyana cewa yarinyar ta riƙa kallonsa da idon da take kallon mahaifinta da wani abokin mahaifin, kuma tafiyar da ta yi ramuwa ce wadda ba shi ya ci bashinta ba. A 1912 ya rubuta maƙala sukutum a kan batun. Daga ganin abin a matsayin cikas, sai ya koma ganinsa a matsayin hanya: tun da mara lafiya ba ya iya tuna ciwon ƙuruciyarsa ya faɗa da baki, to ga shi nan yana sake aikata shi a gaban likita, inda za a iya dubawa.

Kalmar da ya yi amfani da ita a Jamusanci ita ce Übertragung, ma'anarta ɗauke abu daga wani wuri zuwa wani. Ita ce aka fassara da transference a Ingilishi, Larabawa kuma suka ce tahwil ko naƙla. A Hausa ana iya cewa "juye", kamar yadda ake juye hatsi daga buhu zuwa buhu, sai dai kalmar ba ta nuna wanda aka juye wa ba. Saboda haka a nan an zaɓi "aron fuska", domin abin da ke faruwa ke nan: mutum ya aro fuskar ubansa ko malaminsa ko wansa, ya manna wa wanda ke gabansa, sa'an nan ya shiga mu'amala da fuskar, ba da mai ita ba.

Lalle ne a bambanta wannan da abin da Bahaushe yake nufi in ya ce haushin kaza huce kan dami. Wanda manaja ya ci wa mutunci ya dawo gida ya daka wa ɗansa tsawa, ya san ɗan ba manaja ba ne. Ya dai sami inda ƙarfinsa ya kai. Mai aron fuska kuwa bai san ya yi aro ba. A ganinsa abin da yake gani shi ne gaskiya. Karin maganar da ta fi kusa da shi ita ce ta wanda maciji ya sara, wanda in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Ko ita ma ta tsaya ne a kan tsoro, alhali aron fuska ya haɗa har da ƙauna da yarda da dogon buri. Sau da yawa ma wanda ya fi wuyar kwancewa shi ne na ƙauna.

Daga Ɗakin Likita zuwa Da'ira

Tara marasa lafiya wuri guda don su tattauna ya girmi wannan nazari, domin tun a 1905 likita Joseph Pratt yake tara masu tarin fuka a Boston ta Amurka. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗaga darajar abin, sa'ad da sojojin da hankalinsu ya gigice suka fi ƙarfin likitoci. A asibitin soja na Northfield, kusa da Birmingham ta Ingila, Wilfred Bion da John Rickman suka gwada barin sojojin su tafiyar da al'amuransu da kansu su kuma yi nazarin abin da ke hana su. Hukuma ta tsayar da gwajin bayan mako shida. S. H. Foulkes, wanda ya baro Jamus a 1933 ya kuma fara tara rukuni a garin Exeter a 1940, ya zo asibitin daga baya ya ɗora. Tsarin da ya bari shi ne aka fi bi: mutum bakwai ko takwas waɗanda ba su san juna ba, su zauna a da'ira tare da jagora, sa'a ɗaya da rabi, sau ɗaya ko biyu a mako, ba tare da an yanka musu abin da za su tattauna ba.

Wasu daga cikin almajiran Freud sun soki wannan tsari, suna cewa aron fuska zai tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, amma ribar ta fi hasarar. A ɗakin likita fuska ɗaya ce kawai ake da ita, saboda haka ita za ta zama uba yau, gobe uwa, jibi wa. A da'ira kuwa gida ne sukutum: ga wanda zai zama uba, ga ƙanen da aka fifita, ga yayar da take rufa asiri. Wannan ne Irvin Yalom, a littafinsa na 1970, ya lissafa cikin abubuwan da ke kawo sauƙi, watau mutum ya sake rayuwar gidansu amma a wannan karon a gyara inda aka karkace. Riba ta biyu ita ce shaidu. In likita shi kaɗai ya ce wa mutum, "Ban yi fushi da kai ba," maganarsa ce da ta mara lafiya. Amma in mutum shida da suke zaune suka ce su ba su ga fushi ba, tilas mai zargin ya tsaya ya tambayi kansa inda ya samo fushin.

Bion ya ƙara wani abu a littafinsa na 1961. Ya ce ba ɗaiɗaikun mutane kaɗai ke aron fuska ba, rukuni ma yana yi gaba ɗayansa. Wani lokaci ya haɗu a kan faɗa da wani abokin gaba ko gudu daga gare shi, wani lokaci ya zuba ido ga mutum biyu daga cikinsa kamar daga wajensu mafita za ta fito. Wanda ya fi shafar wannan nazari shi ne na dogaro, inda jama'a suke zama kamar ba su san kome ba, suna jiran jagora ya buɗe baki ya warkar da su.

Ma'aikaci da Fuskokin da Ya Zo da Su

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, tun kafin samun mulkin kai. Sharaɗa da Calawa sun bunƙasa ne daga shekarun 1970, zamanin da kuɗin man fetur ya yawaita. A cikinsu aka kafa masaƙu, da matatsun man gyaɗa, da masana'antun alewa da sabulu da robobi da kwanoni, ga kuma majemu, musamman a Calawa inda suke kusa da kogi. Paul Lubeck, wani Ba'amurke masanin zamantakewa da ya yi bincike a cikin leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970 ya kuma wallafa littafinsa a 1986, ya nuna cewa da yawansu 'yan karkara ne, kuma da dama sun yi almajirci kafin su shiga aikin kamfani.

Irin wannan mutum ya zo ƙofar masana'anta da karatun shugabanci daga makarantu uku. Ta farko gandu, inda ɗa yake noma a ƙarƙashin ubansa, uban kuma ya ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari. Ta biyu makarantar allo, inda malam yake riƙe da dorina a hannu guda, albarka a ɗaya hannun. Ta uku barantaka, wadda M. G. Smith ya yi bayaninta a nazarinsa na ƙasar Zazzau, inda bara yake ba da biyayya da hidima, ubangida kuma ya ɗauki nauyin rigar Salla da ragon suna da rufin asiri ranar da ta ɓaci. A duk ukun ba a ƙidaya sa'o'i, ba a kuma rubuta yarjejeniya. Abin da ya ɗaure su shi ne amana, kuma ƙaramin yana da hakki a kan babban wanda ya wuce ladan aiki.

Masana'anta kuwa jiniya ta sani, da tankifa, da takardar albashi. Ta sayi sa'a takwas, ta biya, magana ta ƙare. Wasu daga cikin attajiran Kano masu masana'antu sun fahimci giɓin, suka riƙa cike shi da zakka da kayan azumi da gudummawar biki. Amma kamfani, ko na wane ne, ba zai iya zama uba ba, domin uba ba ya rage 'ya'yansa in kasuwa ta faɗi.

To, ina ma'aikaci yake kai takaicinsa, tun da ya riga ya manna wa maigida fuskar uba? Amsar tana cikin karin maganar nan da ke cewa babu mugun sarki sai mugun bafade. Heluma da tankifa da akawun biya su ne fadawa. Su ake tsine wa, ana cewa da Alhaji ya san abin da ake yi da bai yarda ba. Abin sha'awa shi ne, Elliott Jaques, wanda ya fara nazarin masana'antar ƙarafa ta Glacier a Landan a 1948 ya kuma wallafa sakamakon a 1951, ya kai ga irin wannan fahimta. A wata maƙala ta 1955 ya kawo misalin jirgin ruwa, inda mataimakin kyaftin yake shan zargin duk wani abin da ya lalace, don ma'aikatan jirgin su ci gaba da ganin kyaftin a matsayin uba nagari wanda rayukansu ke hannunsa. Raba fuskar uba gida biyu ke nan, mai kyau ga na sama, mummuna ga na kusa. Abin da Bature ya gano da bincike, Bahaushe ya riga ya adana shi a jimla guda, sai dai shi ya faɗe shi ne a matsayin gaskiyar sarauta, ba a matsayin dabarar zuciya ba.

Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira, sai masana'antun suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Tsadar kayan aiki daga waje, da rashin wutar lantarki, da kwararowar yadi mai araha, suka rufe masaƙu da dama a shekarun da suka biyo baya. Kalmomin da wanda aka sallama yake amfani da su abin lura ne. Ba ya cika cewa an karya yarjejeniya. Cewa yake an ci amanarsa, an yar da shi, an sha romonsa an tofar da ƙashi. Wannan harshen ɗa ne da aka kora daga gida.

Yadda Abin Yake Bayyana a Zama

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ɗaruruwa ne kaɗan ga jama'ar da ta haura miliyan ɗari biyu, saboda haka jiyyar rukuni ba ado ba ce, larura ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da jagorar wata jiyyar rukuni ta masu ciwon damuwa a 2016, bayan gwajin da aka yi a ƙauyukan Yuganda aka wallafa a 2003. Wannan jagora ba ta dogara da nazarin aron fuska ba. Amma rashin sa shi a tsari ba ya hana shi shigowa ɗaki, kuma jagoran da bai san shi ba zai yi ta tuntuɓe da shi.

A ƙaddara an tara mutum takwas waɗanda aka sallama daga masaƙa da majema, kowanne yana fama da rashin barci da ƙuncin rai, jagoransu kuma wani ma'aikacin lafiya ne ɗan shekara talatin da 'yan kai. Zaman farko zai fara da gaisuwa mai tsawo, sa'an nan shiru. Can sai dattijon cikinsu ya gyara murya ya ce, "To Likita, ga mu. Kai ne masani, sai abin da ka ce." Sauran su ce haka ne. Sun mai da da'irar zauren karatu, sun ajiye jagora a kan buzu. Wannan shi ne dogaron da Bion ya bayyana. In jagora ya karɓi buzun ya shiga wa'azi, za a watse ana godiya, a dawo mako mai zuwa da ciwon da aka tafi da shi. In kuma ya yi gum kamar yadda wasu littattafan Turai suka koyar, za a ce yaron nan ba shi da tarbiyya, dattijo ya yi masa magana ya ƙyale. Hanyar da ta fi ita ce ya amsa girmamawar, sa'an nan ya mayar da ita: "Baba, na gode. Amma ni ban taɓa tsayawa gaban injin saƙa shekara ashirin ba, ban kuma taɓa karɓar takardar sallama ba. Wannan karatun a wajenku yake."

Bayan 'yan makonni sai fuskokin su fara rarrabuwa. Wani zai riƙa tsayawa bayan an tashi, yana neman jagora ya sa baki a ɗauki ɗansa aiki, ko ya zo da ƙwai da zabi daga ƙauye. Wannan ya nemi ubangida. Ranar da jagora ya makara da minti goma, wani zai ce a cikin raha mai ɗaci, "Dā ma mun sani, haka manya suke." Wannan ya ga manajan da ya bar su tsaye a rana suna jiran kuɗin sallama, wataƙila kuma a bayan manajan akwai uban da ya kai shi almajirci yana ɗan shekara bakwai bai sake leƙo shi ba. In a cikin rukunin akwai tsohon heluma, shi zai sha harara, ko da ba a masana'anta ɗaya suka yi aiki ba.

Amma aron da ya fi ƙarfi ba lalle ne ya fuskanci jagora ba, kuma a nan harshen Hausa ya ba da haske ƙwarai. Bahaushe yana da 'yan'uwantaka, yana kuma da 'yan'ubanci. Kalma ta farko daga uwa ta fito, ma'anarta ƙauna da zumunci. Ta biyu daga uba ta fito, ma'anarta gasa da ƙyashi. Watau harshe ya riga ya shaida cewa inda 'ya'yan ɗakuna dabam-dabam suke neman idon uba ɗaya, nan ake koyon kishi. Uban kansa ya yi nisa, kwarjini da alkunya sun kewaye shi, musamman ga ɗan fari wanda ko sunansa ba a kira. Ba a ja da uba. Da ɗan uba ake ja. Marie-Cécile da Edmond Ortigues, waɗanda suka yi aiki a asibitin Fann na Dakar, sun bayyana makamancin haka a littafinsu na 1966, cewa a wajen marasa lafiyarsu gasar da Freud ya gani tsakanin ɗa da uba ta fi karkata zuwa ga 'yan'uwa da tsararraki. Saboda haka a rukunin da ake misali da shi, abin da ya kamata jagora ya sa wa ido shi ne wa ya ƙirga mintin da aka ba wane, wa ya ce "ai shi ɗan gaban goshi ne", wa ya daina zuwa tun ranar da aka yaba wa wani. A rukunin mata kuwa fuskar kishiya da ta uwar miji da ta uwar ɗaki ne za su fi yawo.

Gidan Bahaushe bai tara kome a kan uba da uwa ba. Akwai kaka wadda ake kai yaro wurinta yaye, wadda ake wasa da ita. Akwai kawu, akwai gwaggon da ta yi riƙo, akwai taubashi da ake faɗa wa magana ba a ji haushi ba. Wannan arziki ne ga jagora. Maganar da ba za a iya faɗa wa mai fuskar uba ba, ana iya faɗa wa mai fuskar kaka, kuma sau da yawa gaskiyar da ta fi ɗaci a zaman Hausawa da sigar barkwanci take fitowa.

Waraka tana zuwa ne a lokacin da aka kama aron yana faruwa. Alal misali, mai zargin nan ya ce jagora ya raina shi don bai dube shi ba sa'ad da yake magana. Jagora ba zai musa ba, ba kuma zai ce masa "ubanka kake gani" ba, domin a Hausa ambaton uban mutum a bainar jama'a dab yake da zagi. Sai ya tambayi sauran abin da suka gani. Wani ya ce shi dai ya ga Likita ya sunkuyar da kai yana sauraro. Sa'an nan a tambayi mai zargin ko ya taɓa jin irin wannan zafi a wani wuri. In ya ambaci manaja, an ci rabin tafiya. Sauran rabin shi zai kai kansa, a ranar da ya shirya.

Inda Ake Zamewa

Kuskure na farko shi ne a ɗauki ladabi a matsayin ciwo. Wanda ya rusuna ya gai da jagora, ya kira shi Malam, ya ƙi haɗa ido da shi, ba aron fuska yake yi ba, abin da aka koya wa kowane ɗan kirki ke nan. Ma'aunin shi ne a duba abin da ya zarce al'ada: tsoron da ya fi ƙarfin dalilinsa, ko yardar da ba ta girgiza ko da jagora ya yi kuskure a fili, ko abin da mutum ɗaya yake gani sauran bakwai ba su gani. Jagoran da bai san inda iyakar al'ada take ba, ba shi da abin da zai yi awo da shi.

Kuskure na biyu ya fi muni, shi ne a ɗauki hakki a matsayin aro. A 1971 ma'aikatan masana'antun Kano sun yi yajin aiki don a biya su ƙarin albashin da kwamitin Adebo ya yanke, wanda wasu kamfanoni suka yi ta jan ƙafa a kansa. An sake irin wannan taƙaddama a ƙasar a 1975 kan ariyas na Udoji. Wanda zai ce wa waɗannan mutane fushinsu na ƙuruciya ne, ya zama ɗan koren mai kamfani ko ya sani ko bai sani ba. Jaques da kansa, a wata maƙala ta 1995, ya juya wa ra'ayinsa na farko baya, ya ce mugun tsarin aiki ne yake haifar da zargi da tsoro a tsakanin ma'aikata, ba akasin haka ba. Ba dole ne a bi shi har ƙarshen wannan hanya ba, amma gargaɗinsa yana nan. Mutum guda yana iya kasancewa da gaskiya a kan kuɗin sallamarsa da aka riƙe, kuma a lokaci guda yana ɗauke da wani tsohon miki da riƙewar ta fama. Na farko aikin ƙungiyar ƙwadago ne da kotu. Na biyu ne kawai na da'ira.

Sai kuma batun sirri. Foulkes ya so a tara waɗanda ba su san juna ba, kada kuma su haɗu a waje. A Kano wannan da wuya, domin masu aiki a Sharaɗa ko Calawa sau da yawa unguwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, wani ma surukin wani ne. Wanda ya san maganarsa za ta iya riga shi isa gida ba zai taɓa sukar mahaifinsa ba. Likitocin Afirka na farko sun bi da wannan ta wata hanya dabam. T. A. Lambo, a tsarin ƙauye da ya fara a Aro kusa da Abekuta a 1954, ya sa kowane mara lafiya ya zo da ɗan'uwansa su zauna a gidajen mutanen gari. Henri Collomb a Fann ya riƙa tara marasa lafiya da danginsu da ma'aikata a dandali irin na ƙauye. Wannan ya dace da masu babbar larura. Ga irin rukunin da ake magana a kai kuwa, ya fi kyau a haɗa mutane daga unguwanni da masana'antu dabam-dabam, a kuma ɗaure zaman da kalmar amana tun ranar farko, domin ita ce kalmar da suka san nauyinta.

Shi ma jagora ba a bar shi a baya ba. Ɗan Hausa ne, yana da nasa uban, kuma in dattijo mai kamar mahaifinsa ya fashe da kuka a gabansa, abin da zai fara zo masa shi ne ya kawar da kai ya sauya magana. Ko kuma daɗin "ranka ya daɗe" ya ɗebe shi, ya fara raba kuɗin mota da alkawarin samo aiki, ya wayi gari ya zama ubangidan mutum takwas da albashin da bai isa gidansa ba. Ranar da ya kasa, zai zama maigida na biyu da ya ci amana. Don haka ne ƙa'idar aikin ta tanadi cewa jagora ya kasance yana da wani na gaba da shi da yake kai wa labarin zaman, har da abin da shi kansa ya ji.

Wurin da duk waɗannan suke haɗuwa shi ne rufe rukuni. Ga mutumin da ya zo aiki wata safiya ya tarar da kwado a ƙofa da sanarwa a bango, ƙarshen zama ba ƙaramin abu ba ne. Da an ambaci ranar tashi, sai tsofaffin alamu su dawo: wannan ya koma rashin barci, wancan ya daina zuwa don ya riga a kore shi, wani ya ce dā ma ya san za a rina. Saboda haka ake sanar da ranar tun da sauran makonni da yawa, a riƙa ambatonta a kowane zama, kada a ɗaga ta kada kuma a matso da ita. A bar kowa ya faɗi abin da ya so ya faɗa wa manaja bai sami dama ba, jagora ya saurara yana zaune a kujerarsa har a gama. A zaman ƙarshe a yi sallama irin ta Hausawa, a yafi juna, kowa ya ambaci abin da ya karɓa daga wane da wane, jagora kuma ya raka su har bakin ƙofa.